Labulen Tebur na Huɗu

Monywa, 6 ga Yuli

Zuwa ga ƙanwata Ma Hnin Wai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma aikin asibiti bai fi ƙarfinki ba. Mu nan lafiya muke. Kumburin ƙafar mahaifiyata ya sauka, har tana zuwa kasuwa da kanta. Kawu, mahaifinki, lafiyar jikinsa ƙalau. Na gabatar da wannan ne don kada ganin wasiƙata, wadda ba ki saba samu ba, ya tayar miki da hankali.

Wani abu ya faru ranar Asabar a gasar garinmu ta sittuyin, wasan allon nan mai kama da dara, kuma na fi so ki ji shi daga wanda ya gani da idonsa kafin ya iso miki ta bakin fatake. Ni ne alƙalin gasar. Zan faɗa miki yadda na rubuta wa kwamitin ƙungiya.

Na san wasan bai taɓa damunki ba, don haka sai na tuna miki abu ɗaya. Dakaru takwas ne kaɗai ke da wurin tsayuwa tun farko. Sauran runduna, wato sarki da sarkin yaƙi da giwaye da dawaki da karusai, kowane ɗan wasa yana jera nasa a bayan dakarunsa yadda ya ga ya fi masa. A da, mai ja ne ke fara jerawa a fili, mai baƙi ya gani, sannan ya jera nasa. Shekara biyu ke nan da ƙungiya ta karɓi tsarin manyan gasa: ana rataya ɗan labule a tsakiyar allo, kowa ya jera nasa a ɓoye, kuma ba mai taɓa labulen sai alƙali bayan ya kaɗa ƙararrawa. Muddin ƙararrawa ba ta yi ƙara ba, kowa na iya sauya jerinsa. Saboda haka wanda ya ɗaga labule kafin lokaci, doka ta ɗauke shi a matsayin mai leƙe. Ni na kawo shawarar wannan tsari. Kawu bai goyi bayanta ba.

A zagaye na ƙarshe, a tebur na huɗu, an haɗa Kawu da Ko Hla Daung, mai gyaran injin ban-ruwa, wanda za ki tuna a barandarku ya koyi wasa. Wanda ya ci shi ne zai wakilci garin a Mandalay cikin Oktoba. Kawu ya samu ja.

Da ƙarfe tara da minti goma na rataya labule. Da tara da minti goma sha huɗu Kawu ya ajiye na ƙarshe a rundunarsa, karusar hagu. Ya goge tafinsa a zanensa. Sa'an nan ya miƙa hannun hagu ya kama gefen labulen, ya ɗaga shi sama kamar tsawon taƙi ɗaya, ya riƙe shi gwargwadon numfashi uku. Bai ce uffan ba. Ina tsaye taku uku daga teburin. A lokacin Ko Hla Daung yana riƙe da dawakinsa biyu, bai ajiye su ba tukuna.

Na matsa na ce, "Kawu, ka taɓa labule."

Ya ce, "Na taɓa. Ya yi datti ne?"

Na karanta masa sashen dokar, na ba Ko Hla Daung wasan. Kawu ya saurara har na gama, ya ɗauki lemarsa, ya fita. Mutum sittin da wani abu ne a zauren.

Kwamiti ya zauna da yamma a ƙarƙashin shugabansa, U Mya Din. An dakatar da Kawu daga dukkan wasannin ƙungiya na shekara biyu, an kuma rubuta sunansa a allon ƙofar zaure tare da laifin: leƙen jerin abokin wasa. Akwai zaman ɗaukaka ƙara ranar 12 ga Satumba. A irin wannan zama, rahoton alƙali ne abin dogaro, ba maganar wanda ake tuhuma ba.

Ban manta Kawu yana da shekara saba'in da bakwai ba, kuma na san nauyin shekara biyu a kan irin waɗannan shekaru. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Yayanki,
Sein Ya

Myitkyina, 29 ga Yuli

Yaya Sein Ya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai ruwan sama da ya hana mu shanya ko ƙyalle. Autata ta yi zazzaɓi ta warke. Ka gaida Inna, ka ce mata ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ta kuma rage gishiri.

Wasiƙarka ta yi kwana ashirin a hanya, ruwa ya cinye gada a kudu da mu. Don haka fataken da kake gudu sun riga ka. Matar da ke kawo mana albasa daga Monywa ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa, a gaban abokan aikina, ta ce, "Ashe tsohonku bai tsufa a ido ba?" Na yi dariya don ban san zancen ba. Haka na yi mako guda ina jiran wani daga cikin dangi ya ce mini ƙarya ce. Sai ga taka.

Na karanta sau uku. Yanzu na san ƙarfe nawa ne, na san minti nawa, na san hannun hagu ne, na san taku uku. Har numfashin mahaifina ka ƙirga. Malamin lissafi dai bai ci amanar aikinsa ba. Abin da na nema na rasa a takardar shi ne ɗan'uwa.

Dangin nesa ne mu, na sani, kakarka da kakata ne 'yan ɗaki ɗaya. Amma da ka zo daga ƙauye karatun sakandare, ba wanda ya ƙirga nisan. Shekara shida kana kwana a barandarmu. Mahaifiyata tana ɗebe kifi daga kwanona ta sa a naka, wai kai ne mai karatu. Da hannun wa ka fara riƙe dokin wasan? Yau kai ne mai tsayawa a gaban mutum sittin kana karanta masa sashe.

Shekara hamsin yana zama a shagon shayin Daw Saw Yin a gindin tsamiya. An taɓa jin ya mayar da motsi bayan ya saki? An taɓa jin ya matsar da ɗan wasa don abokin karawarsa ya juya ya tofar da ganyen kun da yake taunawa? Wannan mutumin zai leƙa jerin Hla Daung? Hla Daung da Baba ya san abin da zai jera tun kafin shi kansa ya sani?

Ga abin da nake so, ba kwana-kwana. A zauren nan akwai fanka, na sani, a ciki aka yi bikin aurena. Ka je zaman Satumba ka ce ka sake tunani, iskar fanka ce ta ɗaga labulen, shi kuma ya kai hannu don ya tare. Wa zai ƙaryata ka? Kai ne mutumin da duk garin ke cewa ko agogo yana gyara kansa a wurinka. Sau ɗaya a rayuwarka ka kashe wannan sunan a kan wanda ya rene ka.

Ba wasan ne damuwata ba, ku ƙona allunan ma in kun so. Ba na so mahaifina ya mutu sunansa na rubuce a ƙofar zaure a matsayin ɓarawon kallo.

Hutu ba zai samu ba sai an gama damina, mu biyu ne kawai a ɗakin haihuwa. Da zan iya zuwa da ban rubuta ba.

Hnin Wai

Monywa, 17 ga Agusta

Zuwa ga Ma Hnin Wai,

Bayan gaisuwa, na yi farin cikin jin autarki ta samu sauƙi. Mahaifiyata ta amsa gaisuwarki, ta ce gishirin dai sai a hankali. Kawu ba ya kwance, amma ya rame, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Wasiƙarki ta kwana huɗu a kan teburina kafin na iya amsa ta cikin harshen da ya dace. Kin roƙe ni in yi ƙarya, kin kuma ɗaura roƙon da kifin mahaifiyarki. Ban manta kifin ba. Amma ban san an ba ni shi ne a matsayin kafin alƙalami ba. Babu wuta a unguwar tun safe har tsakar rana a ranar gasar, fankar ba ta motsa ba, mutane da jaridu suke fifita. Ko da ta motsa, ba zan faɗi abin da bai faru ba. Ki kuma sani, alƙalin da ya sauya rahoton da ya sa wa hannu, katinsa yake ajiyewa, ba ya sake alƙalanci.

Game da labule kuwa, ba wasa na kawo ba. A tsohon tsari mai baƙi yana ganin komai kafin ya ajiye ko ɗaya, wannan ba adalci ba ne, na kuma nuna haka da lissafin wasanni ɗari uku. Shekara biyu ina bin tsofaffin ƙungiya ɗaya bayan ɗaya kafin su yarda. Amsar da Kawu ya ba lissafina ita ce ya raɗa wa labulen suna "zanen wankan Sein Ya", kuma har yau da wannan sunan ake kiransa a garin.

Yanzu ga halin da ake ciki. Kawu bai taka shagon shayi ba mako shida. Ranar Litinin bayan gasar ya je kamar kullum. Wani mai tuƙa keken haya ya ɗaura tawul a igiya, ya rataya a tsakiyar teburinsa, ya ce, "Baba, wannan mai kauri ne, ko za ka gwada?" Aka yi dariya. Rabin masu dariyar a gabansa suka koyi tafiyar dakaru. Ya shanye shayinsa ya tashi. Na je na samu Daw Saw Yin na faɗa mata ra'ayina game da shagon da ake yi wa dattijo haka, ta ce, "Malam, ai ba mu muka rubuta sunansa a ƙofa ba." Ko Hla Daung kuwa ya zo ƙofar gida sau ɗaya da ƙunshin ayaba, ya ajiye a bakin shinge, ya juya. Mutum mai shekara arba'in da ɗaya.

Ranar Lahadi da la'asar na je gaida Kawu. Na same shi a baranda. Ya jawo allo da ƙafa ya nuna mini tabarma. Ya ɗauki ja, ya jera rundunarsa kaf, ya janye hannuwansa ya ce, "Ga nawa. Duba da kyau." Kamar dai kowace yamma a shekara shidan nan. Na duba da kyau. Ya cinye ni a motsi na talatin da ɗaya.

Daga nan na isar da saƙon da U Mya Din ya ba ni. Kwamiti ya shirya wata takarda. Idan Kawu ya sa hannu cewa tsufa ne ya sa ya manta doka, hannunsa ya riga hankalinsa, za a goge sunansa, a janye dakatarwar.

Ya ce, "Shekarar Mya Din nawa?"

Na ce, "Sittin da takwas."

"Ni na koya masa tafiyar giwa. Har bara yana ƙoƙarin ja da ita baya kai tsaye. Ka ce masa takardar ta yi kyau, ya sa mata hannu."

Na ce, "Kawu, to me zai hana ka zo ka faɗa wa kwamiti dalilinka?"

Ya dube ni. Ya ce, "Ai an yi alƙali a wurin, mai ido da kunne, ɗan jami'a. Ni wa?" Sa'an nan ya ce in tattara 'ya'yan wasan, in fara da baƙaƙe.

Ban ba shi shawarar ya sa hannu ba, ban kuma hana shi ba. Ba hurumina ba ne.

Yayanki,
Sein Ya

Myitkyina, 1 ga Satumba

Yayana,

Ina gaida ka da Inna. An gyara gadar, wasiƙarka kwana shida kawai ta yi. Mu lafiya, jiya na karɓi haihuwar tagwaye, har yanzu bayana bai daina ciwo ba.

Ka yafe mini. Ban kyauta ba da na sa ka a gaba da zancen fanka, ban kyauta ba da na jawo mahaifiyata ciki. Fushi nake da duk garin, kai ne kawai nake da adireshinka. Mai keken nan, in na zo, ka nuna mini shi.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Wani layi a wasiƙarka ya hana ni cin abinci. Ka ce ya jera ya ce maka, "Ga nawa. Duba da kyau." Yaya, ni ban iya wasan ba, amma da waɗannan kalmomi na girma. Ina wanke shinkafa a bayan bango ina jin su, kowace rana, ga kowane ɗalibi, kai da Hla Daung da wancan mai kantin magani da ya rasu. Na taɓa tambayarsa me ya sa kullum shi ke fara nuna nasa, ya ce malami ba ya ɓoye wa ɗalibi jeri, ko ɗalibin ya yi furfura. Ba ya zama a gaban wanda ya koyar ba tare da ya faɗe su ba. Ko yana fushi da mutum sai ya faɗa.

Sai na ɗauko wasiƙarka ta farko na sake dubawa. Yana zaune gaban Hla Daung, ya gama jeri, ya ɗaga labule, kuma ka ce bai ce uffan ba. Kana taku uku. Da wani ne ya rubuta, da na ce bai ji ba. Amma kai ne, wanda ya ƙi yi wa ƙanwarsa ƙarya ɗaya ta ceton rai.

To in haka ne, ba mahaifina na da ne ya zauna a teburin ba. Aikina ne, na ga yadda abin ke farawa. Hannu ya tuna abin da ya saba, kai ya rasa dalili. Rana ɗaya mutum garau, har ya cinye ka a motsi talatin da ɗaya, wata ranar ya tsaya riƙe da abu bai san me ya kai shi ba. Kakata haka ta fara. Na yi kuka, na share, na yarda.

Don haka takardar U Mya Din ba ƙarya ba ce. Na rubuta wa Baba yau, tare da wannan zan jefa. Na faɗa masa a hankali cewa ba abin kunya ba ne, na ce ya sa hannu don ni. Na kuma ce daga yanzu kada ya riƙa zuwa bakin kogi shi kaɗai, kuma maƙullin akwatin magunguna ya koma hannun maƙwabciya. Zai yi fushi, amma ni yana ji.

Ka raka shi zaman, ka riƙe masa hannu a matakala. Na gode da ba ka sassauta mini gaskiya ba. Da ka yi yadda na roƙa, da ban gane halin da yake ciki ba sai ya yi nisa.

Ƙanwarka,
Hnin Wai

Monywa, 14 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Ma Hnin Wai,

Bayan gaisuwa, ina fatan bayanki ya saki. Mahaifiyata lafiya. Kawu lafiya, jikinsa da hankalinsa, kuma ina roƙon ki riƙe wannan jimla har ki kai ƙarshen takardar.

Wasiƙarki ta iso ranar takwas ga wata. Tasa ma ranar ta iso. Na karanta godiyarki sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Kwana huɗu ina zuwa makaranta ina koyarwa ina dawowa, ban je wurinsa ba, ban je wurin kwamiti ba. Na gaya wa kaina cewa mutumin da ya mayar wa U Mya Din irin waccan amsa ba zai taɓa sa hannu ba, kuma abin zai wuce ba sai na buɗe baki ba.

An yi zaman shekaranjiya da ƙarfe goma na safe. 'Yan kwamiti biyar, ni, Ko Hla Daung a matsayin shaida, da masu kallo cike da tagogi. Kawu ya zo shi kaɗai, sanye da farar rigarsa ta zuwa haikali. Na miƙa masa hannu a matakala, ya wuce.

U Mya Din ya karanta rahotona, ya tambayi Ko Hla Daung ko yana da abin ƙarawa. Ya ce shi hankalinsa na kan dawakinsa. Sai aka tura takardar gaban Kawu. U Mya Din ya sassauta murya, irin yadda ake yi wa marar lafiya, ya ce, "Babban malam, dukkanmu can muka nufa. Layi biyu ne kawai."

Kawu ya zaro wasiƙarki daga aljihu, ya shimfiɗa ta kusa da takardar, ya daidaita gefunansu. Ya ce, "Da ku kaɗai ne, da na ce ku ninke ta ku yi fifita. Amma 'yata ma'aikaciyar asibiti ce, shekara goma sha bakwai tana aikin. Ta ce na ruɗe. Ta ce wanda ba ya ƙarya ne ya shaida mata." Bai dubi inda nake ba. Ya ce, "Wataƙila ni ne ban sani ba. Ku ba ni alƙalami."

Na ga an miƙa masa. Na ga ya cire murfin, yana neman layin da yatsa.

Na miƙe na ce alƙalin gasa yana da gyara ɗaya a rahotonsa. U Mya Din ya ce, "Ko Sein Ya, ka san abin da wannan ke nufi?" Na ce ni na rubuta sashen. Na faɗi gyaran, na ajiye katina a kan tebur. Gyaran yana ƙasan sunana a wannan wasiƙa, domin ke ma rahoton ɗaya na aiko miki.

U Mya Din ya juya ya tambayi Ko Hla Daung ko haka aka yi. Ko Hla Daung ya ce haka aka yi. Wani daga taga ya tambaye shi ko dawakin nasa sun toshe masa kunne ne.

Ga hukuncin. An soke laifin leƙe, an janye dakatarwar, an goge sunan a gabana da jiƙaƙƙen tsumma. Taɓa labule dai ya saɓa doka, don haka an yi wa Kawu gargaɗi. Wasan tebur na huɗu bai inganta ba, za a sake shi ranar 25, wanda ya ci shi zai tafi Mandalay. U Mya Din ya tambayi Kawu ko wannan karon zai bar labulen a inda yake. Ya ce zai bari, amma zai faɗi jerinsa da baki, in akwai sashen da ya hana haka a karanta masa tun yanzu. An duba, babu.

A waje na bi shi har gindin tsamiya, yana gaba ina baya. A bakin shagon ya tsaya ya ce, "Kwana nawa ke nan tun gasar?"

Na ce, "Saba'in da ɗaya."

Ya ce, "Duk wannan kafin ka yi motsi ɗaya." Ya shiga ya zauna a teburinsa. Bai nuna mini kujera ba. Da na juya zan tafi ya ce, "Maƙullin akwatin magani yana hannun maƙwabciya. Kai ka sa aka karɓa, kai za ka rubuta a mayar."

Don haka ina roƙon ki aika wa maƙwabciyar. Ki kuma rubuta masa da kanki, ba ta hannuna ba. Bai ce kin ɓata masa rai ba, amma wasiƙarki har yanzu tana aljihunsa. Ni ba na neman amsa. In kin ga dama kin aiko, zan karanta duk yadda ta zo.

Yayanki,
Sein Ya

Gyara. A wasiƙata ta 6 ga Yuli na rubuta cewa da Kawu ya ɗaga labule bai ce uffan ba. Ba haka ba ne. Ya kawar da fuskarsa gefe don kada ya ga baƙaƙe, ya ce, "Ga nawa, Hla Daung. Duba da kyau." Na ji shi sarai. Na bar wannan a waje ne domin ya yi shi a kan labulena, a gaban mutum sittin, kuma na so ya ji abin da na ji.